Tankin da Ba Ya Cikin Kwamfutarku

Zuwa ga Bashmuhandis, babban injiniya mai kula da ginin makarantarmu ta 'yan mata a Alsawra, Umdurman.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki. Ku gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto muku, ni da ko a aji ba na ɗaga hannu. Ɗaliba ce ni a ajin ƙarshe, sabon ajin da kuka gina da ginshiƙan ƙarfe. Kujerata tana bakin ƙofa, rufe ta kuma aikina ne.

Na farko. Ranar gwaji injiniyoyinku sun jera buhunan yashi a kan rufin, suka auna yadda ƙarfen ya lanƙwasa. Ya lanƙwasa fiye da yadda kwamfuta ta ce. Ustazarmu ta kimiyya ta bayyana mana cewa sun koma ofis a Khartum, suka sassauta mahaɗan ginshiƙan a hoton ginin da ke cikin kwamfutar kaɗan-kaɗan, har lissafi ya zo daidai da awo. Ta ce haka ake aikin, ba maguɗi ba ne. Na yarda.

Na biyu. Bayan an gama ginin, makaranta ta ɗora tankin ruwa a kusurwar rufin, daidai saman ƙofa. Ranar gwajin, famfo bai kawo ruwa ba, masu sayar da ruwa a amalanken jaki ma ba su zo ba. Tankin babu komai. A hoton da aka nuna mana na kwamfuta kuwa, babu tanki sam. Saboda haka ajin da ke cikin kwamfuta da ajinmu sun yi daidai ne a ranar da babu ruwa.

Na uku. A unguwarmu idan ruwa ya zo, ana cika komai har baki, don ba a san ranar dawowarsa ba. Duk ranar da tankin ya cika, ƙofar ba ta rufuwa, samanta yana gugar ƙarfe. Idan ruwan ya ragu sai ta koma lafiya. An kira kafinta ya fere ta. Yanzu idan babu ruwa akwai rata, idan akwai ruwa tana gugawa kamar da.

Na yi kuskuren ba mahaifiyata labari. Ta ce ba zan sake zama ƙarƙashin wannan rufi ba sai injiniya ya duba. Jarrabawar shahada, wato ta kammala makaranta, ta matso, ni kuma ina gida ina tsintar shinkafa.

Roƙona shi ne ku saka tankin a cikin kwamfutar, cike da ruwa, sannan ku zo ku sake awo. Idan rufin lafiya yake, ku faɗa wa mahaifiyata da bakinku, domin ba ta karɓar magana daga kwamfuta.

Allah ya ƙara muku basira, ya tsare ginin da kuka yi da waɗanda ke ƙarƙashinsa. Ban san ranar da ruwa zai zo ba, babu wanda ya sani. Idan kun ba ni izini, ranar da ya zo zan sake rubuto muku, ku zo ku auna tankin yana cike.

Wassalam.

Ɗalibar bakin ƙofa