Na zuba ruwan wankin hula a buta, Malam ya yi alwala da shi

Assalamu alaikum, Anti da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, na riga na zagi kaina ya fi a ƙirga.

Wankin hula nake yi a Dutse, rumfata na jikin masallacin unguwarmu. Wani abokina da ke aiki a masaƙa a Kano ya kawo mini jarkar haidurojin, irin mai kumfar nan da ake wanke ciwo da shi, amma nasu na kamfani ne, mai ƙarfin gaske, da shi suke faranta yadi. Yana cire dattin goshin hula tas, ba ya cin launin zare kamar bilic. Ya ja mini kunne, ya ce a sirka shi da ruwa sosai, kar a bar shi a rana, kar a toshe shi gam. Ni da na fi kowa sani sai na bar jarkar a rana! Da na ga ta kumbura tana huci, sai na juye rabi a buta, wai kafin in samo wani mazubin. Buta fa, jama'a, a bakin masallaci! Ina hankalina ya tafi? Abu ne kamar ruwa sak, ba launi ba wari.

Na tafi kai huluna sakateriya. Ina dawowa na tarar da taro, limaminmu, Malam, wanda a gabansa na sauke Alƙur'ani, yana zaune hannuwansa sun yi fari fat, yana cewa idonsa wuta. Ya ɗauki butar ne don alwalar Azahar. Kafin kowa ya lura na zubar da sauran a kwata, na ɗauraye ta. Wallahi hannuna ne ya yi, kafin zuciyata ta yi magana.

Ni na goya shi a babur zuwa asibiti. Likita ta tambaya, "Baba, me ya shiga idon?" Ya ce, "Ruwa ne, 'yata." Ta juyo gare ni, na ce ban sani ba. Ta ce sanin abin zai taimaka mata ƙwarai, mu bincika kafin mu dawo. Idon dama ya lafa, na hagu hazo kawai yake gani, kwana tara ke nan bai buɗe littafi ba. Abinci ba ya shiga mini, hula ɗaya sai in wanke ta sau uku.

Jiya na je gaishe shi, ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce, "Jarrabawa ce daga Allah. Kai dai Allah ya yi maka albarka, da ba ka kusa da ban san yadda zan yi ba." Na ce amin, Anti. Amin na ce!

Jibi za mu koma, kuma likitar za ta sake tambaya a gabansa. Me zan yi?