Mutumin da Ya Wanke Ka

Zuwa ga Yayana Kabiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan Allah Ya yalwata maka makwanci.

Daga Guangzhou nake rubuto maka. Ni da kake cewa ko kasuwar Kurmi aka aike ni sai na ɓace, yau ga ni a ƙasar Sin ina lodin kwantena.

Ba ka nan aka ƙare maganarka, bari in gaya maka. 'Yan sanda sun tafi da kai da ƙafarka, suka ce zazzaɓi ya kashe ka a hannunsu, suka binne ka ba mu gani ba. Inna ta bi kotunan gida har ta gaji, lauya ya kai mu kotun ƙasa da ƙasa mai kare haƙƙin ɗan Adam. Can ma aka ce ba mu da shaida. Hukuncinsu kuwa ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Ƙofa ɗaya suka bari: sai in wata hujja ta ɓullo wadda ba a san da ita ba lokacin shari'a, a kuma kai ta da wuri.

Watan jiya wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya rasu a masaukinsa a titin Huanshi Lu. Bayan Juma'a a Masallacin Huaisheng aka nemi mai wanka. Wani dattijo, Malam Idi, ya fito, ni na zuba masa ruwa. Da muka gama ya daɗe yana kallona, sannan ya ce ya taɓa wanke mai irin fuskata. Ashe shi 'yan sandan suka kira ya yi maka sutura.

Na tambaye shi ko zazzaɓi ne. Ya ce, "Sai da muka sake likkafani." Nan take ya kama bakinsa, ya shiga istigfari.

Lauya ya ce in Malam Idi ya rantse a kan abin da ya gani, za a iya sake duba hukuncin. Na yi ta sintiri wurinsa, har na durƙusa. Amsarsa ɗaya ce: abin da mai wanka ya gani amana ce tsakaninsa da mamaci. Na ce malamai sun halatta a faɗa idan akwai zalunci. Ya ce shi amanarka ya ɗauka, kai kuwa ba ka ba shi izini ba.

Saboda wasannin Olamfik an ƙuntata sabunta biza, duk ofishin da ka je sai "meiyou", wato babu. Bizar Malam Idi ta ƙare, dole ya bar garin. Ni na ɗaukar masa jaka zuwa tashar jirgin ƙasa ta wajen titin Liuhua Lu, ina jiran ko zai sauya magana a hanya. Ko garin da zai sauka bai gaya mini ba.

Inna ba ta sani ba. Ta yaya zan ce mata na samu shaidarmu, har na taya shi ɗaukar kaya?

Ina kewarka, Yayana, kewa mai ciwo. Allah Ya jiƙan ka, Ya sa wahalar da ka sha ta zama kaffara. Malam Idi kuma Allah Ya yafe masa, don ni har yanzu na kasa.

Ƙaninka,
Nasiru