Gado Mai Tumbi

Greensboro, Yuni 2006

Zuwa ga Yayata Fassouma,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara da duk mutanen Zinder. Yaya zafi? Yaya kewar Baba? Mu nan lafiya lau, maigidana Ousseini yana gaishe ki.

Na ce lafiya lau ne don haka ake faɗa. A waya ba na iya gaya miki komai, saboda Baba na zaune kusa, kin kuwa san kunnensa. Lokotoro ya duba shi a asibiti, ya ce aikin zuciyar nan ba makawa sai an yi, amma ba zai taɓa shi ba sai tansiyonsa, hawan jinin nan, ya sauka. To ina zai sauka, mutum ba ya barci? Tun zuwansa idonsa biyu. Wai katifa na haɗiye shi, kilim mai sanyaya ɗaki kuma wai mun sa shi a firij kamar kifi. Ke shaida ce, tun tasowarmu Baba bai taɓa kwana a ɗaki da bazara ba. Har ya fara cewa a mai da shi gida, aikin ya sha zamansa. Yaya, in ya koma ba a yi aikin nan ba, ke ma kin san abin da lokotoro ya faɗa.

Allah ya taimake mu mun bar benen High Point Road, yanzu muna Pleasant Garden, gida mai fili da itatuwa a baya. Sai Baba ya ɗauki tabarma ya fita kwana a waje. Ciyawar nan kuwa jiƙe take da raɓa, ga kaska, ga macizai. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa mai suna Angelina, ta hango shi kwance a ƙasa, ta zo a guje tana zaton faɗuwa ya yi. Da na yi mata bayani sai ta koma ta ɗauko gadon lilon mijinta da ya rasu, wanda yake zuwa kwanan daji da shi. Kin ji mutanen nan, mutum da ɗakinsa da gadonsa, wai ya tafi daji ya kwana don nishaɗi! Yadi ne mai ƙarfi da ake ratayawa tsakanin itatuwa biyu, har da gidan sauronsa.

Ita ta ɗaura da hannunta, tana nuna mini. Ta zaɓi itatuwa masu rai masu kauri, ta ɗaga kai ta duba ko akwai busasshen reshe a sama, ta sa na kwashe duwatsun ƙasa. Ta ce kada tsayinsa ya wuce na kujera, kuma dole a bar shi ya yi tumbi, mutum ya kwanta a karkace, don tumbin ne ke riƙe shi. Baba ya kalli abin, ya taɓe baki, ya shiga. Wallahi Yaya, har na leƙo don sallar asuba ina jin minsharinsa. Na yi hamdala har da hawaye.

Ki ci gaba da addu'a. Ki gai da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Hamsatou

Greensboro, Yuli 2006

Zuwa ga Yayata Fassouma,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kuma damina ta sauka da albarka. Yaya ƙafar maigida? Allah ya ƙara sauƙi. Na samu amsarki, na ga kina murna, ni kuwa murnata ta koma ciki.

Mun manta wane ne ubanmu. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana saƙa gadon igiya a kasuwar Zinder, wanda in ya gama sai ya daki gadon da tafin hannu ya ji ya amsa kamar ganga, shi za a ce ya kwana a gado mai tumbi? Kwanan farko gajiya ce ta kayar da shi. Da ƙarfinsa ya dawo, sai na taso daga aiki na tarar ya cire maɗauran Angelina, ya samo igiya a garejin Ousseini, ya ja yadin nan tamau, ya miƙe sak. Ya kuma ɗaga shi har ƙirjina, wai don maciji. Sai ya taka bokiti yake hawa.

Abin nan in ya ɗame ba shi da gefen da zai tare mutum, juyi ɗaya ya kife. Baba kuma a gefen dama yake kwanciya saboda sunna, can a bakin yadin. Ga maganin da yake sha mai tsinka jini, lokotoro ya ja mana kunne cewa ko ƙaramar faɗuwa kan iya sa jini ya zuba a cikin kai. Ni a gidan tsofaffi nake aiki, Yaya, na ga abin da faɗuwa ke yi wa dattijo. Wasu ba sa sake tashi.

Na durƙusa na yi masa bayani da lalama. Ya ce mini tun kafin a haife ni yake jan igiya, kuma gadon da ya yi tumbi gadon malalaci ne, in wani ɗan Zinder ya shigo ya gani, da wane ido zai dube shi. Na turo Ousseini, amma kunyar suruki ta hana shi, ya je ya gaishe shi ya dawo. Angelina ta gwada, Baba ya yi ta murmushi yana cewa “tankiyu”, tana juya baya ya ƙara ja.

Yanzu abin da muke yi ke nan: in ya shiga alwala in sassauta, in na tafi aiki ya ɗame. Ba wanda ke ce wa wani uffan. Ran nan haushi ya kama ni, na kwance gadon gaba ɗaya na ɓoye. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Zama ya yi a kujera a bakin ƙofa, ya ƙi tuwo, ya tambayi Ousseini ina fasfonsa. Da muka je randebun asibiti aka auna, tansiyon ya haura fiye da da. Da hannuna na fito masa da abinsa.

In na bar shi ina tsoron ya faɗi, in na hana shi ba zai yi barci ba, ba kuma za a yi aikin ba. Ni yanzu nawa barcin ne ya ƙaurace. Don Allah ki kira shi, ke yana jin maganarki, amma kada ki nuna ni na kai ƙara.

Taki har kullum,
Hamsatou

Greensboro, Agusta 2006

Zuwa ga Yayata Fassouma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina fatan kowa lafiya. Ki kwantar da hankalinki kafin ki karanta: Baba na nan da ransa, yana gida.

Abin da nake gudu ya faru. Bayan azahar ne, ya kwanta ƙailula, ina kicin ina wanke shinkafa sai na ji tim. Ban san lokacin da na isa ba, ko takalmi babu. Na same shi a ƙasa, gadon ya juye a samansa, hularsa can gefe. Kafaɗarsa ta dama ce ta fara sauka, goshinsa ya sha ƙasa. Allah ya sa mun kwashe duwatsun nan. Angelina ce ta kira motar asibiti, ni salati kawai nake yi.

Sun yi masa hoton kai, ba jini, Alhamdulillahi. Kafaɗar ce ta goce, sun gyara sun ɗaure, fuskarsa ta kumbura ta yi baƙi saboda maganin. Na zata da mun dawo zai ce a mai da shi Zinder. Bai ce ba. Ya sa na kai shi gindin itatuwan, ya ce in ɗaura yadda matar nan ta ce. Na mayar da maɗauranta, na sauke shi daidai kujera, na bar masa tumbinsa. Ina yi ina satar kallonsa, ina jira ya ce igiyata ba ta yi ba, kamar yadda yake ce mana tun muna yara. Ko kallon hannuna bai yi ba.

Yanzu yana barci sosai, a karkace, ba ya ko motsi. Tansiyon ya sauka, sun sa ranar aiki cikin watan gobe. Abin da na roƙa ke nan, na kuma samu. To me ya sa nake shiga banɗaki ina kuka? Da safe yakan zauna a bakin gadon, hannunsa mai lafiyar a kan gwiwa. Igiyar shanyata ta yi tumbi a gabansa har zanena na jan ciyawa, yana gani, bai tashi ba. Da gangan na sassauta ta, Yaya.

Jiya ya ba ni saƙo gare ki. Wai ɗan itacen nan da yake jan igiya da shi, wanda ya yi sulɓi don riƙo, yana ƙarƙashin gadonsa na Zinder, ki ɗauka ki ba duk wanda ke so a kasuwa, shi ya gama. Na isar da saƙo, na sauke nauyi. Amma ga nawa: kada ki ba kowa. Ki naɗe shi a tsumma ki sa a ƙasan akwatinki. In ya tambaye ki a waya, ki ce har yanzu ba ki samu wanda ya iya riƙe shi ba.

Ki sa mu a addu'a ranar aikin. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai kewarki,
Hamsatou