Gwanjon Agogon Marigayi Ilu

Juma'a, 2 ga Fabrairu, 2024

Yau mun yi gwanjo, kuma wallahi ya yi armashi. Ɗakin cin abinci na masaukinmu a Mu'aither, nan gefen Doha, ya cika har bakin ƙofa.

Bari in rubuta tun daga tushe, don wata rana zan manta. Mu goma sha ɗaya ne, direbobi da masu gadi, duk mun tashi da kallon finafinan marigayi Ilu Mai Agogo, ɗan wasan barkwancin nan da ke rataya agogon tebur a wuya da igiya. Bara Mansur direba ya ce mu yi namu ɗan fim, a ce Ilu ya zo Doha neman aiki. Juma'a bakwai muna ɗauka, minti ashirin ya fito, muka sa a intanet, mutum dubu arba'in suka kalla. Yanzu ana son kashi na biyu, babu kuɗin hayar kyamara. Shi ne Mansur ya fito da ainihin agogon Ilu, don shi ya riƙe wa su Ilu fitila wurin ɗaukar fim a Kano shekara ashirin da suka wuce, ya ce a yi gwanjonsa da sauran kayan wasan.

Rafiu, mutumin Zangon Kumasi, ya saye agogon a kan riyal dubu uku. Tafi kamar rufin zai faɗo. Ni ne ma'aji, na tsaya gaban kyamara na karanta jimla: dubu tara da ɗari huɗu.

Abin da ke cikin jakata dubu ɗaya da ɗari takwas da hamsin. Saura alkawari ne. Za su kawo.

Litinin, 5 ga Fabrairu

Mansur ya sa bidiyon gwanjon a intanet. Na yi kyau a ciki, ba yabon kai ba.

Laraba, 7 ga Fabrairu

An sauke fim ɗinmu. Wata Safura, wai 'yar marigayi Ilu, ta kai ƙara cewa suna da shiga da salon maganar duk na mahaifinta ne, ba a nemi izininsu ba. Ta kuma turo doguwar murya a zaurenmu na waya. Ta ce ta ga wani mai kaki yana alfahari da dubu tara da aka tara da sunan ubanta, ina kuɗin suke?

Mai kakin ni ne.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mu da muka raya sunan mutumin nan bayan kowa ya manta shi? Juma'a bakwai cikin rana, ba ko sisi, sai ruwan roba da burodi. Tana zaune a Kano ta ga riyal, ta buga lissafi da naira, shi ke nan ido ya buɗe. Na rubuta mata amsa mai zafi, na goge. Na sake rubutawa, mudir, shugabanmu na wurin aiki, ya leƙo, na jefa wayar a aljihu.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Sherif, abokin gadina a Mushairib, shekara biyu ni ke ajiye masa kuɗin ginin da yake yi a gida. Yau ya ce in ba shi abinsa, wai yana da uzuri. Bai iya kallon idona ba. Na ƙirga masa a gabansa har sau biyu, ya ce ba sai na ƙirga ba, na ce sai na ƙirga.

Ashe a zaure ana ta cewa Ghali ya ci dubu bakwai. Ni Ghali. Ba ni da mota, ba ni da fili, abin da na mallaka a ƙasar nan shi ne a ce ba Ghali ajiya ka yi barci. Idan wannan ya tafi, me na zo yi?

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Na bi Rafiu har unguwar Old Airport, gidan abincin da yake aiki. Ya zuba mini shinkafa, ya ce in ci tukuna. Da na kawo maganar dubu uku sai ya yi dariya, wai ashe ban san yadda ake taro ba, ai ana faɗa ne don wuri ya ɗau zafi wasu su yi zuciya. Albashinsa gaba ɗaya bai kai dubu biyu ba. Agogon ma yana wurin Mansur, bai ko taɓa shi ba.

Na fara yi masa faɗa, sai ya ajiye cokali.

“Ma'aji, kai ɗari bakwai ɗin da ka kira a kan babbar rigar nan, ka biya?”

Ban biya ba. Ban ma rubuta shi a nan ba ranar, na lura. Ni ma don wuri ya ɗau zafi na kira. Haka muka saba tun a gida, a taron ƙaddamarwa kowa ya miƙe ya ambaci abin da ba shi da shi, a tafa, a watse, kowa ya san rabinsa iska ce. Amma wanda ya gani a waya daga nesa bai san haka ba. Kuma ni na haɗa iskar na karanta wa duniya.

Na tashi na bar shinkafar ban ƙarasa ba.

Talata, 13 ga Fabrairu

Mansur ya ce khalas, wato shi ke nan, a yi shiru, magana za ta mutu da kanta, kada in kunyata mutane da sunayensu. Shi ba sunansa ake ja a ƙasa ba.

Na tambaye shi, tsakani da Allah, Ilu ba shi agogon ya yi? Ya daɗe yana murza makullin mota. Ya ce ranar ƙarshen ɗauka ne, ana haɗa kaya, Ilu ya miƙo masa ya ce ya ajiye masa zai karɓa. Bai karɓa ba, shi kuma bai mayar ba, sai ga rasuwa. Tausayinsa ya kama ni. Ƙasa uku ya yi aiki, agogon nan na cikin akwatinsa naɗe a tsohuwar riga.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Na kira Safura lokacin hutun azahar. Na shirya faɗa, sai na ji murya a gajiye, ga hayaniyar yara, ashe malamar firamare ce. Na gaya mata gaskiyar lissafi, har da ɗari bakwai ɗina. Ta ce ta yarda, don ubanta ma an sha yi masa irin wannan alkawarin a taro.

Ta ce kowa na cewa yana son Ilu, amma finafinansa kwafa aka yi ta yi ana sayarwa, da ya kwanta ciwo sai da suka sayar da keken ɗinkin mahaifiyarta. Ba wanda ya taɓa sallama ya ce ga abin da zai yi da sunansa.

“Malam Ghali, agogon nan ba kayan wasa ba ne. Na ɗakin Inna ne, shi ke tashinmu makaranta. Baba ya ɗauka ya ce zai dawo da shi.”

Na ce Allah ya ji ƙansa, na maimaita, kamar ban san wata magana ba.

Juma'a, 16 ga Fabrairu

Taro bayan masallaci. Na karanta takarda: wanda ya kira, abin da ya kira, abin da ya kawo. Sunana na fara karantawa, Ghali, ɗari bakwai, bai kawo komai ba. Dariya ta ɓarke, sai kuma aka yi tsit da aka ga ba wasa nake ba. Mutum biyu sun fita. Rafiu ya miƙe da kansa ya ce a rubuta shi ma mai bakin banza ne, ya ajiye ɗari biyu.

An yarda a mayar wa duk mai so kuɗinsa, saura a aika wa iyalan Ilu. Ba wanda ya karɓa. Da aka tashi Mansur ya ajiye ƙunshin agogon a cinyata ya wuce mota.

Talata, 20 ga Fabrairu

Agogon na wurina har mai tafiya Kano ya tashi. Na ɗan murɗa shi, wai in gani. Yana aiki.

Juma'a, 1 ga Maris

Albashi ya shigo, na cika ɗari bakwai ɗin. Wannan watan sai dai gida su yi haƙuri.

Fim dai har yanzu a sauke. Safura ta ce sai Mansur ya rubuto abin da yake son yi, ta karanta wa Inna, su gani. Yana ta gunaguni, amma na gan shi da biro. Sherif bai dawo da ajiyarsa ba. Jiya dai ya tambaye ni ko har yanzu akwatina na da kwaɗo.

Agogon ya isa Kano, Safura ta turo murya da safe. Ba magana, sai ƙarar agogon, sannan wata tsohuwa daga nesa tana cewa a bar shi ya gama. Sau biyu na saurara. Ko uku.

Akwai finafinan Ilu goma sha huɗu a wayata, ban taɓa biyan kwabo a kan ko ɗaya ba. Na ƙara ɗari da arba'in a kan abin da aka aika. Ban sa shi a takarda ba, ba na ƙungiya ba ne.