Kada Ki Shafa Mata Man Kanumfari

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya maigidanki, ya kuma jaririyarmu? Ni lafiya lau nake, aiki sai godiya.

Yaya, me na yi miki? Labari kawai na ba ki, cewa a ɗakin gwajinmu mun ɗiga man kanumfari a kan ƙwayar cutar nan mai sa farin baki, ta mutu. Sai ga Auta ta bugo mini waya, wai farin bakin ya kama jaririyar, kina shirin shafa mata man a harshe, har kina gaya wa maƙwabta ƙaninki likita ne ya ce! Ni da aikina wanke kwalabe da auna ɗigo?

A cikin farantin gilas muka kashe ta, faranti kuwa ba ya kuka. Shugabarmu, da furfurarta da komai, shekara uku ke nan tana neman ma'aunin da ba zai ƙone fata ba. Ni kaɗan ya zubo mini a hannu, yau kwana tara da hagu nake cin abinci. Wannan kada Inna ta ji.

Don girman Allah ki kai yarinyar nan asibiti, suna da maganinta. Allah ya raya mana ita. So nake in na dawo ta kira ni Kawu da harshenta lafiyayye.

Ƙaninki.