Ranar da Ɓauna ta durƙusa a titin Faisal

Zuwa ga matata, marigayiya Salamatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ban cika yi miki ba kina raye, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Na san karatun da na yi ya isa ya hana ni rubuta wa mamaci wasiƙa. To, abubuwa da yawa karatun nan bai hana ni ba. 'Yarmu Ruƙayya ce ta buɗe mini shafin nan a waya don in riƙa ganin hotunan mutane, yau ga shi ina zuba miki magana a kai, mai son karantawa ya karanta. Rabin Hausawan Alƙahira sun riga sun ji labarin, gara sauran su ji daga bakina.

An ɗaura auren 'yarki. Na kai ta ɗakinta da kaina kamar yadda kika ce. Yadda na kai ta ɗin ne nake jin nauyin faɗa miki.

Kin tuna maganarki a asibiti, kina riƙe da hannun rigata: "Malam, ba mu da kowa a garin nan. In lokacin ya zo, kai za ka kai ta, kada ka bar ta a hannun direban haya." Na ce miki a gida uba ba ya rakiyar amarya, abin kunya ne. Kika ce nan ba gida ba ne. Na amsa miki da to.

Mijin ɗalibi ne a unguwar Darrasa, yaro mai hankali, ba ni da abin cewa a kansa. Ubansa kuwa Lawal ne. E, Lawal ɗin da kika sani, wanda yake zuwa gidanmu na farko da tsinkakken takalmi, ya ci tuwonki har ya suɗe kwano, ni kuma in zaunar da shi in warware masa nahawun da ya gagare shi. Ya koma gida ya zama babban alƙali, ya yi ritaya da mutuncinsa. Ni na zauna. Digirin digirgir ɗin da nake ce miki saura kaɗan, yana nan saura kaɗan, gemuna ya yi fari a kansa. Aikina shi ne wanda kika bar ni a kai: in tsaya a asibitocin unguwar Dokki ina fassara wa masu kuɗin ƙasarmu ciwon ƙodarsu, in riƙe musu jaka, su kira ni Malam tafinta.

Da aka ce Lawal zai zo ɗaurin auren da kansa, na duba gidan, na duba kaina, na rasa abin da zan nuna masa. Sai na leƙa ta taga na hango Ɓauna a ƙarƙashin tamfol ɗinta.

Ke kika sa mata sunan. Tsohuwar motar Amurka mai ƙofa biyu da dogon hanci, injinta silinda takwas, wadda na saya wurin wani Bature da zai bar ƙasar, lokacin ina tafinta a ofishin jakadanci, ina ganin duniya ta buɗe mini. Ranar da na shigo da ita lungu tana gurnani, tagogin maƙwabta suna rawa, kika tsaya a baranda kika ce: "Wannan ai ɓauna ce, kuma za ta fi mu ci." Ta fi mu ci kuwa. Ko a shekarun nan da man fetur ya yi wuya, mutane suna layi har titi, ban sayar da ita ba. Ita ce kaɗai abin da na ce zan mallaka kuma na mallaka.

Tayoyinta sun suɗe, dole a canza, wannan gaskiya ne. Da na sayi irin nata na asali, siraran nan, da ba na wannan rubutu. Amma na sha ganin motocin samarin Misirawa da faffaɗan tayoyi, sun yi ɗam a ƙasa kamar ɗan dambe ya ware ƙafa, sai raina ya biya. Na tafi wurin Usɗa Gamal mai tayoyi, mutum ɗaya tak a garin nan da har yau yake kira na Duktur. Na faɗa masa abin da nake so. Ya ce: "Tamam, ya Duktur, in ba kai ba wa zai sa su?"

Ya fito da rim masu ƙyalli kamar azurfa, masu zurfi kamar tasa, da tayoyin da faɗinsu ya kusa ninka na da. Ramukan noti suka yi daidai. Sai dai rim ɗin suna tura tayar waje, har roba ta zo daidai ƙarƙashin bakin ƙarfen jikin motar, wanda Misirawa ke kira rafraf. Na zura hannu tsakanin tayar baya da ƙarfen, yatsuna suka shiga da ƙyar. Na dubi Usɗa Gamal. Ya buga jikin motar da tafi ya ce: "Ƙarfen Amurka ne wannan, ba ya sunkuya wa kowa." Ni da nake iya yini ina jayayya da farfesa, sai na gyaɗa masa kai. Ya kira ni Duktur, na biya shi.

Na fita na gwada ta a babban titin bayan gari. Salamatu, da kin gani. Ta kama ƙasa, ta sha kwana ba ta karkata ba, wasu samari a kan babur suka ɗaga mini hannu. Na dawo gida ina jin kamar an rage mini shekaru. Ni kaɗai na gwada ta. Bai faɗo mini ba cewa tun ranar da na kwantar da ke a kujerar baya zuwa asibiti, ba wanda ya sake zama a wurin, kuma sifirin ɗin bayanta ya tsufa yadda na tsufa.

Saboda dokar hana fitar dare da aka kafa a garin, aka ce da la'asar za a kai amarya. Ƙawarki Hajiya Dije, matar mai shagon turaren nan na Darrasa, ita ta tsaya a matsayinki, Allah ya saka mata. Ni a zatona ita da Ruƙayya kawai zan ɗauka. Sai na ga mata suna ta saukowa daga bene, kowacce da girman jikinta da ƙaton ɗaurin ɗankwali. Hajiya Dije ta buɗe ƙofa ta ce: "Malam, kwantar mana da kujerar nan. Amaryar Bahaushe ba ta tafiya ita kaɗai, ko a Masar take." Suka dunguma baya suka sa amarya a tsakiya, wata ta zauna gaba. Aka buɗe but aka loda gara: buhun shinkafa, jarkar mai, alkaki, dubulan. A sama aka ɗora kwalin tangaran ɗinki, masu shuɗin furen nan da kike saye ɗaya-ɗaya a kasuwa tun Ruƙayya tana rarrafe. Hajiya Dije ta ce waɗannan ba sa shiga motar kowa sai ta amarya.

Ɓauna ta zauna kamar raƙumin da aka yi wa lodi. Na gani da idona, rafraf ya sauko ya rufe saman tayar. A gefe kuma Lawal yana tsaye jikin motar da ya ɗauko haya, yana murmushi, yana cewa: "Malam, ashe har yanzu tana nan! Ai ta fi da kyau." Sai na shiga na tayar.

A tudun rage gudu na farko na ji ƙara daga baya, kamar ana jan zarto. A na biyu ƙaurin roba ya shigo. Mata suna ta guɗa, Hajiya Dije ta tsagaita ta ce: "Malam, ba ka jin ƙauri?" Na ce hayaƙin ƙaramar bas ɗin gabanmu ne. Na duba madubi na ga motar Lawal a bayana. Na taka totur don gurnanin inji ya danne ƙarar.

A nan ne, Salamatu. Ba tayar nake jin kunyarta ba. Na ji, na gane, 'yarki tana bayana, na ƙara wuta.

Ba mu fita daga titin Faisal ba tayar baya ta dama ta fashe. Gindin motar ya juya, muka daki dakalin gefen hanya muka tsaya. Salati ya maye gurbin guɗa. Cikin salatin nan kunnena ya tsinci wata ƙara daga but, ƙarar da na san ko ta mece ce.

Allah ya tsare, ba wanda ya karye. Hajiya Dije ta ciji harshenta, Ruƙayya ta bugi goshi a bayan kujerata. Amma motar ƙofa biyu ce. Sai da aka riƙa zaro mata ɗaya bayan ɗaya, da baya da baya, zani yana kwancewa, takalmi yana faɗuwa. Hanya ta cushe. Direbobin bas suna leƙowa suna ihu suna taya amarya murna da Larabci: "Mabruk ya arusa!" Wani ya ce mini: "Ma'alish ya Hag, yi haƙuri Alhaji, kai motar nan gidan tarihi." 'Yarki tana tsaye a bakin titi cikin lulluɓinta, lallen ƙafarta a cikin dattin Faisal, masu shaguna sun fito kallo. Na sunkuya na duba tayar. Ƙarfen ya yanka ta zagaye, tsaf, kamar da wuƙa.

Da Lawal ya yi dariya da ya fi mini sauƙi. Bai yi ba. Ya cire babbar rigarsa ya ninke, ya karɓi jak daga hannuna. Da ɗan sandan hanya ya zo yana faɗa, sai Lawal ya miƙe ya ce masa da Larabci, a gaban kowa: "Yi a hankali, wannan malamina ne, shi ya koya mini karatu." Na so ƙasa ta tsage. Na shekara da shekaru ina jiran wani ya faɗi wannan magana a kaina, sai ga shi an faɗe ta ina durƙushe a kwalta da baƙin mai a gwiwar wandona.

Lawal ya ce a sa amarya a motarsa, lokaci yana tafiya. Maganarsa daidai ce, ni ma na ce haka, kaina a ƙasa. Hajiya Dije ta kama hannunta. Ruƙayya ta ƙi motsi. Amaryar da ba a jin muryarta ranar nan, sai ta ce daga cikin mayafi: "Umma ta ce Abba ne zai kai ni."

Ban san kin faɗa mata ita ma ba. Ashe ba ki yarda da to ɗina ba, kika bar mini shaida.

Tayar safaya tana can ƙarƙashin kaya, tsohuwar siririyar nan suɗaɗɗiya. Sai da muka sauke gara a titi kafin muka kai gare ta. Da na ɗaga kwalinki na ji yana kacau-kacau, na ajiye a hankali kamar hankalin zai gyara wani abu. Aka raba mata da kaya tsakanin motar Lawal da wata bas. Ruƙayya ta zauna a gaba, a kujerarki. Hajiya Dije kuwa ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta bar amarya ba, ta shiga baya ta lafe a ɓangaren hagu tana addu'a da kumburarren harshe.

Haka muka haye Nilu, tayoyi uku faffaɗa, ɗaya siririya, motar ta karkace tana tafiya kamar jakin da ya taka ƙusa, ana ta danna mana hon.  Muka isa Darrasa ana shirin kiran magariba. Kafin mata su zo su fitar da Ruƙayya, ta ɗora hannunta mai lalle a kan nawa, a kan giya, ta ɗan jima, sannan ta fita. Na zauna a motar har aka idar da salla ban iya saukowa ba.

Da na tambaye ta a waya game da kwalin, ta ce lafiya lau, kaɗan ne suka fashe. Makon jiya na je gidan. Ta kai ni ɗaki ta nuna mini kabad ɗinta. Tangaran ɗinki suna ciki, waɗanda suka tsira, ba su da yawa. Ta jera su nesa-nesa da juna, kowane a tsakiyar ɗan farin ƙyalle, don kabad ɗin ya yi kamar ya cika. Na gane hannun. Haka kike baza 'yan yankan nama a saman tuwo in Lawal ya zo, don kada baƙo ya san abin da babu a gidana. Na ce mata sun yi kyau. Ta ce e. Ta kawo mini shayi a kofi mai shuɗin fure.

Na mayar wa Ɓauna irin tayoyinta na asali. Masu ƙyallin suna ƙarƙashin bene, mai gadin gida ya maishe su kujera. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan zo wurinki, a hankali, in tsaya a duk tudun da na gani.

Ki yafe mini kwanukan, Salamatu. Sauran kuma ina roƙon Mai yafewa.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sa kin huta daga ɗawainiyar da kika yi da ni. Allah ya zaunar da 'yarmu lafiya a ɗakinta, ya cika mata kabad ɗinta da abin da ba ya fashewa, ya ba ta 'ya'yan da za su rufa mata asiri yadda ta rufa mini. Ya haɗa mu a inda babu mai buƙatar nuna wa wani komai. Amin.

Mijinki,
Isiyaku
Faisal, Alƙahira