Ragowar Dunƙulen Kazar Mama

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya jiƙan Mama. Mu nan kalau muke, sai dai ƙafar Baba da ke motsa masa jefi-jefi.

Yaya, na yi ɓarna, kuma na rasa wanda zan faɗa wa sai ke. Kin tuna dunƙulen kazar Mama, wanda take kwaɓa fulawa ta murza fele-fele, ta zuba niƙaƙƙen naman kaza da albasa a tsakiya, ta naɗe bakin, ta turara? Ashe kafin ta kwanta ciwo ta cika roba guda ta sa a firiza. Baba ya sani, bai gaya mini ba. Ranar Asabar abokan aikina suka zo, ni kuma kin san ni da son a yaba. Na ga dunƙulen a jere a firiza, ban tambayi kowa ba, na juye a tukunya. Tas aka cinye, har ana cewa in buɗe gidan abinci, ina ta washe baki. Bayan sun tafi auta ta shaida mini cewa kullum da safe Baba yakan buɗe robar nan ya duba, ya mayar.

Maimakon in faɗi gaskiya, sai na ce bari in rufa wa kaina asiri. Ni da nake gudun kicin duk sanda Mama ta ce in zo in koya, ni ce na kwana ina fama da kwaɓi. Na farko ya yi ruwa, na biyu ya yayyage. Da ƙyar na samu ashirin masu kyan gani na jera a robar. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Da safe Baba ya buɗe, ya daɗe yana kallo, sannan ya kira ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi Mama bahaguwa ce, naɗinta hagu yake kwantawa, nawa kuwa duk dama suka kalla. Ya ce shi ba ci yake so ba, sawun yatsunta yake dubawa.

Na yi kuka, na roƙi gafara, ya ce ya wuce. Amma tun ranar bai sake zuwa wajen firiza ba, kuma abin yana cin raina. Da na sani ƙeya ce.

Ki gaida maigidanki da 'yan biyu. Baba da auta da Gwaggo suna gaishe ku. Yaya, ke kaɗai kika gado hagun Mama, ke ce kuma kika zauna kika koya. Na san hanya da nisa, amma in kin samu hutu ki zo ki naɗa wa Baba ko guda goma ne. Ni zan yanka albasa, wannan karon ba zan gudu ba.

Taki,
Ƙanwarki mai gudun kicin